Danne Gargaɗin Juya Bayanai Yayin Karanta Fayil a Manhaja: Hanyoyinsa da Hatsarinsa ga Mai Nazarin Hausa

Tsakure

Nazarin Hausa a yau ya fara dogara da kwamfuta wajen ƙirga kalmomi da tantance amsoshin takardun tambayoyi da tsara kundayen rubuce-rubucen ajami. Duk lokacin da manhaja ta karanta fayil, sai ta juya rubutun da ke ciki zuwa lambobi ko kwanan wata ko matani. Idan ta ci karo da abin da ya ƙi juyuwa, takan fitar da gargaɗi ta ci gaba da aiki. Da yake gargaɗin kan yi yawa har ya gunduri mai bincike, an samar da hanyoyin danne shi. Wannan takarda ta yi bayanin ma'anar wannan gargaɗi, da wuraren da yake fitowa a bayanan Hausa, da hanyoyin danne shi a harsunan Python da R. Takardar ta nuna cewa gargaɗi shaida ce a kan halin da bayanai suke ciki, don haka bai kamata a danne shi ba sai bayan an ƙirga abin da ya salwanta, an kuma taƙaita dannewar ga nau'i ɗaya a wuri ɗaya.

Fitilun Kalmomi: gargaɗi, juyin bayanai, fayil, manhaja, haruffa masu ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin harshe ko adabi ko al'ada yakan tara bayanai masu yawa kafin ya kai ga sakamako. Wani yakan tara dubban jimloli daga jaridu domin gano kalmomin da suka fi yawan fitowa. Wani kuma amsoshin mutane yake tattarawa a kan karin harshe ko zaɓin harshe a kasuwa. Galibi akan adana irin waɗannan bayanai a fayil mai tsarin jadawali, musamman wanda ake kira CSV, inda kowane layi yake wakiltar sahu ɗaya, waƙafi kuma yake raba gurabun da ke cikinsa. An bayyana wannan tsari a takardar RFC 4180 ta shekarar 2005, ko da yake an daɗe ana amfani da shi kafin lokacin.

Harsunan shirya manhaja biyu ne suka fi shahara wajen sarrafa irin wannan fayil. Na farko shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, tare da ƙunshe-ƙunshensa irin su NumPy da pandas. Na biyu shi ne R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, aka fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a shekarar 2000. Duk wanda ya yi aiki da ɗayansu ya san yadda saƙonnin gargaɗi kan cika allo da zarar an buɗe fayil. Abin da mai koyo ya fi saurin tambaya shi ne yadda zai kawar da su daga gabansa, kuma amsar ba ta wuce layi ɗaya na umarni ba. Sauƙin wannan amsa shi ne tushen matsalar da wannan takarda ta duba, domin layin da ya tsabtace allo yana iya binne shaidar cewa wani ɓangare na bayanan bai shiga lissafi ba.

2.0 Ma'anar Juyin Bayanai da Gargaɗinsa

2.1 Juyin Bayanai

Fayil na CSV ba ya ɗauke da bayanin nau'in abin da ke cikinsa. A wurin kwamfuta, 45 da aka rubuta a gurbin shekaru haruffa biyu ne kawai, wato 4 da 5, kamar yadda «ka» take haruffa biyu. Kafin a iya tarawa ko rabawa, dole manhaja ta mayar da waɗannan haruffa adadi. Wannan mataki shi ake nufi da juyin bayanai. Yana faruwa a matakai uku. Da farko ana juya lambobin da aka adana a na'ura zuwa haruffa, bisa wani tsarin lambanta haruffa kamar UTF-8. Sannan a yanka kowane layi zuwa gurabu. Daga ƙarshe a juya abin da ke kowane gurbi zuwa nau'in da ya dace da ginshiƙinsa. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan uku ana iya samun tangarɗa.

2.2 Kuskure da Gargaɗi da Shiru

Manhaja tana da martani iri uku idan juyi ya ci tura. Tana iya bayyana kuskure ta tsaya cik, ba za ta ci gaba ba sai an gyara. Tana iya fitar da gargaɗi ta ci gaba, bayan ta yanke wa kanta hukunci a kan abin da ya gagara, ko dai ta tsallake layin ko ta sanya alamar rashi a gurbin. Tana kuma iya yin shiru, ta yi juyin yadda ta ga ya dace ba tare da ta ce uffan ba. Alamar rashi ita ce NA a harshen R, a Python kuwa galibi NaN ce.

Abin lura a nan shi ne, gargaɗi yana zuwa ne bayan an riga an zartar da hukunci. Ke nan danne shi ba ya dawo da layin da aka tsallake, ba ya kuma cike gurbin da aka mayar fanko. Abin da yake kawarwa kawai shi ne sanarwar.

3.0 Wuraren da Gargaɗi ke Fitowa a Bayanan Hausa

3.1 Sahun da Ya Saɓa wa Sauran

A ƙunshin NumPy akwai umarnin genfromtxt da ake karanta fayilolin jadawali da shi. A bisa tsarinsa na asali, idan ya tarar da layin da adadin gurabunsa ya saɓa wa na sauran, yakan tsaya da kuskure. Idan aka kashe zaɓin invalid_raise, sai ya tsallake layukan, ya fitar da gargaɗi mai suna ConversionWarning, wanda yake lissafo lambar kowane layi da adadin gurabun da aka samu da wanda aka sa ran samu. Umarnin read_csv na pandas yana da makamancin wannan, wato zaɓin on_bad_lines da aka shigo da shi a siga ta 1.3 a 2021, wanda ke ba da damar tsayawa ko gargaɗi ko tsallakewa shiru idan gurabun layi sun yi yawa.

Wannan ya shafi mai nazarin adabin baka kai tsaye. Karin magana da kirari da zancen da aka rubuto daga bakin mai ba da bayani cike suke da waƙafi. Idan ba a killace su da alamar zance ba, kowane waƙafi zai zama tamkar iyakar gurbi. Gajerun amsoshi irin su «e» da «a'a» za su wuce lafiya, dogayen amsoshi masu bayani kuma su faɗi. Wato abin da ya fi daraja a wurin mai nazari shi ne ya fi fuskantar barazanar zubewa.

3.2 Lambobi da Yadda Ake Rubuta Su

A harshen R, idan ginshiƙi ya ƙunshi lambobi haɗe da rubutu, umarnin read.csv yakan bar shi a matsayin matani. Idan mai bincike ya tilasta juya shi da as.numeric, duk gurbin da ya ƙi juyuwa yakan koma NA, sai a sami gargaɗi guda ɗaya tak mai cewa tilastawa ta haifar da gurabun rashi. Gargaɗin ba ya faɗin ko gurbi ɗaya ne ko ɗari.

A ƙaddara an yi wa mutum 200 tambayoyi a kan amfani da tsofaffin kalmomi. Mutum 170 sun ba da shekarunsu da lamba, matsakaicinsu kuma 35 ne. Ragowar 30 dattawa ne da ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, sai aka rubuta musu «kimanin 70» ko «ya kai 70». Bayan juyi, dukkan talatin ɗin za su koma NA. Idan aka umarci manhaja ta yi lissafi ba tare da gurabun rashi ba, matsakaicin shekaru zai fito 35, alhali da an sa dattawan da ya haura 40. Fiye da haka, duk wani jadawali da ya danganta shekaru da sanin kalma zai fito babu rukunin da binciken ya fi buƙata. Asarar ba ta warwatsu a tsakanin jama'a ba, ta faɗa wa rukuni guda ne.

Haka kuma akwai bambancin rubuta lamba tsakanin Nijeriya da Nijar. A Nijeriya, 1,500 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyar. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransanci, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, don haka 1,500 na nufin ɗaya da rabi, kuma fayilolin da aka fitar daga kwamfutar da aka saita da Faransanci sukan raba gurabu da waƙafi mai ruwa. R ya tanadi read.csv2 domin irin wannan fayil, pandas kuma tana da zaɓin decimal da na thousands. Mai binciken da ya haɗa bayanan Katsina da na Maraɗi a fayil ɗaya ba tare da daidaita wannan ba, gargaɗi ne zai fara sanar da shi cewa akwai matsala.

Wani gargaɗin da ya yi kama da wannan shi ne DtypeWarning na pandas. Yana fitowa ne saboda ƙunshin yakan karanta babban fayil gunduwa-gunduwa domin tattalin ma'adanar na'ura, ya kuma yi hasashen nau'in ginshiƙi a kowace gunduwa daban. Sai a wayi gari ginshiƙi ɗaya yana ɗauke da 12 a matsayin adadi a sama, da 12 a matsayin matani a ƙasa. A ido iri ɗaya ne, amma wajen ƙirga manhaja za ta ɗauke su abubuwa biyu.

3.3 Alhamza

Daidaitacciyar Hausa tana amfani da alamar ɗauri wajen rubuta alhamza, kamar a «sa'a» da «jama'a», da kuma sautin da ke farkon «'ya'ya» a tsarin rubutun Nijeriya. Umarnin read.table na R, a tsarinsa na asali, yana ɗaukar wannan alama a matsayin mabuɗin zance, daidai da alamar zance mai ɗigo biyu. A fayil da aka raba gurabunsa da tazarar tab, da zarar ya ga alamar a cikin «sa'a» sai ya ɗauka an buɗe zance, ya ci gaba da haɗiye gurabu da layuka har sai ya sami wata alamar da za ta rufe. Idan bai samu ba har ƙarshe, sai ya yi gargaɗin cewa fayil ya ƙare a tsakiyar zance. Idan kuwa alamomin biyu suna cikin kalma ɗaya, yakan cire su, «'ya'ya» ta koma «yaya». Maganin wannan shi ne a bayyana wa umarnin cewa alamar ɗauri ba ta cikin alamomin zance, ta hanyar zaɓin quote, ko a yi amfani da read.delim wanda bai ɗauke ta haka ba.

3.4 Haruffa Masu Ƙugiya

Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna da mazauni a tsarin Unicode: U+0253 da U+0257 da U+0199 da U+01B4. Tsofaffin tsare-tsare irin su ASCII da Windows-1252 ba su san da su ba. A UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane ɗayansu yana cin bayit biyu. Idan Python ya yi ƙoƙarin karanta irin wannan fayil da tsarin ASCII, yakan tsaya da kuskure. Akwai zaɓin errors da ke ba da damar a ce masa ya yi watsi da abin da bai gane ba, ko ya maye gurbinsa da alamar U+FFFD. Idan aka zaɓi watsi, «ƙasa» za ta koma «asa», «baƙi» ta koma «bai», wadda ita kanta kalma ce a Hausa, kuma za ta shiga ƙidaya a matsayin kalmar korewa.

Idan kuma aka karanta fayil ɗin da Windows-1252, babu kuskure babu gargaɗi a kan waɗannan haruffa, sai dai ƙ ta fito a matsayin Æ™, ɗ kuma ta fito É—. R bai fara amfani da UTF-8 a matsayin tsarinsa na asali a kan Windows ba sai a siga ta 4.2.0 ta shekarar 2022, don haka fayilolin da aka sarrafa kafin nan sun cancanci a sake duba su. A harshen da ƙugiya ke bambanta «ƙafa» da «kafa», da «ƙare» da «kare», taɓa harafi ɗaya taɓa ma'ana ne.

3.5 Kwanan Wata

Masu tsara kundayen rubuce-rubucen ajami sukan rubuta shekarar Hijira. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, alal misali, ya rasu a 1817, wato 1232 bayan Hijira. A sigogin pandas da aka daɗe ana amfani da su, nau'in kwanan wata yana iya ɗaukar abin da ya kama daga 1677 zuwa 2262 ne kawai. Kwanan watan da ke ɗauke da shekarar 1232 ya faɗa wajen wannan iyaka, don haka umarnin to_datetime zai tsaya da kuskure. Idan aka ba shi zaɓin tilastawa mai suna coerce, sai ya mayar da gurbin fanko ba tare da sanarwa ba. A nan mai bincike da kansa ne ya sauya kuskure zuwa shiru. Ko da manhajar ta karɓi shekarar, za ta ɗauke ta ta Miladiyya ce, saboda haka ya fi dacewa a ware wa shekarar Hijira ginshiƙinta na lamba zalla.

4.0 Hanyoyin Danne Gargaɗi

4.1 A Harshen Python

Python yana da ƙunshi mai suna warnings, wanda ya shigo tun siga ta 2.1 a 2001. Yana aiki ne kamar rariya: kowane gargaɗi sai ya bi ta jerin sharuɗɗa, sharaɗin da ya fara dacewa da shi kuma shi ke yanke makomarsa. Hukunce-hukuncen sun haɗa da ignore mai dannewa gaba ɗaya, da always mai nunawa kowane lokaci, da once mai nunawa sau ɗaya, da error mai mayar da gargaɗi kuskure. Ana iya kasa dannewa zuwa matakai uku gwargwadon faɗinta.

Mataki mafi faɗi shi ne a sanya simplefilter da hukuncin ignore a farkon shiri, ko a yi amfani da alamar -W wajen tayar da shi. Wannan yana rufe bakin kowane gargaɗi daga kowane ƙunshi har shirin ya ƙare, har da wanda bai riga ya faru ba.

Mataki na tsakiya shi ne amfani da filterwarnings, wanda ke karɓar nau'in gargaɗi da farkon saƙonsa da sunan ƙunshin da ya fito daga ciki. A nan akwai wani tarko. ConversionWarning reshe ne na babban nau'in UserWarning, kuma NumPy ta ajiye shi a wani sashe na cikin gida mai suna _iotools. Saboda wahalar kai wa gare shi, wasu sukan danne UserWarning ɗungurungum, abin da ke haɗawa da gargaɗai da dama na pandas da sauran ƙunshe-ƙunshe. Ya fi aminci a ambaci ainihin nau'in, ko a tace da kalmomin farko na saƙon.

Mataki mafi ƙunci shi ne catch_warnings, wanda ke kafa shinge a kewayen layukan da ake so kawai. Da an fita daga shingen, sai rariyar ta koma yadda take. Yana kuma da zaɓin record, wanda maimakon zubar da gargaɗai yake tara su a jeri domin a ƙirga su ko a rubuta su a wani fayil. Makamancin haka, umarnin captureWarnings na ƙunshin logging yana karkatar da gargaɗai zuwa rajistar aiki. Ta haka allo yakan kasance a tsabtace, shaidar kuma tana ajiye.

4.2 A Harshen R

R yana da zaɓin warn mai ɗaukar lamba. Idan aka sa shi ƙasa da sifili, ana danne kowane gargaɗi. A kan sifili, wanda shi ne na asali, ana tara gargaɗai sai aiki ya ƙare a nuna su, kuma hamsin na farko kawai ake ajiyewa. A kan 1 ana nuna kowanne nan take, a kan 2 kuma kowane gargaɗi yana zama kuskure. Umarnin suppressWarnings yana danne abin da ya fito daga furuci ɗaya da aka ba shi, kuma tun siga ta 4.0.0 ana iya taƙaita shi ga wani aji na gargaɗi. Wanda ke son duba saƙon kafin ya yanke hukunci yana iya amfani da withCallingHandlers, ya danne wanda ya sani, ya bar saura su wuce. Ƙunshin readr kuwa ya zo da tsari mai amfani ƙwarai: bayan karanta fayil, umarnin problems yana fitar da jadawalin da ke nuna sahu da ginshiƙi da abin da aka sa ran gani da abin da aka tarar.

5.0 Juyin da Ba Ya Zuwa da Gargaɗi

Allo mai tsabta ba hujja ba ce ta cewa bayanai sun shiga lafiya. Misali mafi kusa ga mai nazarin Hausa shi ne kalmar «nan». Umarnin read_csv na pandas yana da jerin rubuce-rubucen da yake ɗauka a matsayin alamar rashi kai tsaye, cikinsu har da NA da NaN da nan da ƙananan haruffa. Idan aka karanta jerin kalmomin Hausa, kalma ɗaya a kowane gurbi, duk inda «nan» ta fito za ta koma fanko, kuma umarnin ƙirga yawan fitowar kalmomi yakan tsallake fanko. Sakamakon haka, ɗaya daga cikin kalmomin nuni da Bahaushe ya fi furtawa za ta ɓace daga jadawali ba tare da ko gargaɗi ɗaya ba. Haka «NA» da aka rubuta da manyan haruffa a kanun labarai za ta ɓace a pandas da R baki ɗaya. Bayyana ginshiƙin a matsayin matani kaɗai ba ya hana wannan a pandas. Sai an kashe zaɓin keep_default_na, an kuma faɗi alamar rashin da ake so ta hanyar na_values. A R kuwa zaɓin na.strings ne ake gyarawa.

Haka nan lambar shaida irin 007 da aka ba mai ba da bayani takan koma 7, lambobin wayar hannu na Nijeriya masu farawa da sifili su rasa sifilinsu. Shi kansa genfromtxt, a tsarinsa na asali, yakan mayar da rubutun da ya tarar a ginshiƙin lamba alamar rashi ba tare da ya tanka ba.

Wasu fannonin ilimi sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan fage. A 2016, Mark Ziemann da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Genome Biology da ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka duba masu ɗauke da jerin ƙwayoyin gado a fayilolin Excel suna da sunayen da manhajar ta juya, kamar SEPT2 da ta koma 2 ga Satumba, da MARCH1 da ta koma 1 ga Maris. Matsalar ta kai ga kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya sauya wasu sunayen, MARCH1 ta zama MARCHF1, kamar yadda ya bayyana a ƙa'idojinsa na 2020. A watan Oktoba na shekarar kuma, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona bai shiga rahoto a kan lokaci ba, saboda tsohon tsarin fayil na XLS ba ya ɗaukar sahu fiye da 65,536. Masana ƙwayoyin gado sun iya sauya sunaye domin kauce wa manhaja. Mai nazarin Hausa ba shi da ikon sauya «nan» ko cire alhamza daga «sa'a», don haka saitin manhajar ne ya zama wajibi ya gyara.

6.0 Matakan da Suka Kamata Kafin Dannewa

Akwai lokutan da danne gargaɗi yake da hujja. Idan ana karanta ɗaruruwan fayiloli masu aibi iri ɗaya da aka riga aka sani, maimaituwar saƙo ɗaya tana iya binne wani sabon gargaɗi mai muhimmanci. Sai dai Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Saboda haka takardar ta ba da shawarar bin waɗannan matakai bi da bi:

i. A fara da mayar da kowane gargaɗi kuskure, da hukuncin error a Python ko warn a kan 2 a R, domin a ga ainihin inda matsalar ta taso.

ii. A karanta fayil ɗin gaba ɗaya a matsayin matani, tare da bayyana tsarin UTF-8 ƙarara da kashe alamomin rashi na asali, sannan a juya ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya.

iii. A kwatanta adadin layukan fayil da adadin sahun da manhaja ta karɓa, da adadin gurabun rashi kafin juyi da bayansa. Duk bambancin da aka samu yana buƙatar bayani.

iv. A fitar da gurabun da suka ƙi juyuwa a duba su da ido. A nan ne za a gane ko kuskuren bugu ne, ko kuwa wani rukuni na mutane ko na kalmomi ne ke zubewa.

v. A ƙirga ɓ da ɗ da ƙ da alamar ɗauri da kalmar «nan» bayan karantawa. Matanin Hausa mai tsawo da aka rubuta bisa ƙa'ida ba zai rasa su ba, don haka samun sifili alama ce ta ɓarna.

vi. A gyara abin da zai gyaru a wani kwafi, a bar fayil na asali yadda yake.

vii. Abin da ya rage bayan wannan ne kaɗai za a danne, da sunan nau'insa, a cikin shinge, tare da rubuta dalili a gefen umarnin.

viii. A bayyana a sashen dabarun bincike adadin sahun da aka cire da dalilin cire su, da sigar manhajar da aka yi amfani da ita, domin halayen waɗannan umarnai sukan sauya daga siga zuwa siga.

7.0 Kammalawa

Takardar ta bayyana cewa juyin bayanai yana faruwa a matakin haruffa da na gurabu da na nau'i, kuma a kowane mataki bayanan Hausa suna da wurin da suke karo da tsarin asali na manhajoji: ƙugiya da alhamza da waƙafin karin magana da shekarar Hijira da bambancin rubuta lamba tsakanin Nijeriya da Nijar. An kawo hanyoyin danne gargaɗi a Python da R, daga mafi faɗi zuwa mafi ƙunci, an kuma nuna cewa tara gargaɗai a rajista yana biyan buƙatar tsabtace allo ba tare da an yi asarar shaida ba. An ga kuma cewa wasu asarorin, kamar ɓacewar kalmar «nan», ba sa zuwa da sanarwa ko kaɗan, sai ƙidaya ce ke tona su. Kamar yadda ake sa ran mai nazarin rubutun ajami ya faɗi inda tawada ta goge ko takarda ta yage, haka ya kamata mai nazari da kwamfuta ya faɗi sahun da suka zube da dalilin zubewarsu. Zai yi kyau sassan koyar da Hausa su sanya wannan a darasin dabarun bincike, masu duba kundayen digiri da masu tace maƙalu kuma su riƙa tambayar adadin bayanan da aka tara da adadin da ya kai ga lissafi.